Taurarin Manoman Kazage da Tarihin Awon Launin Haskensu

Ƙasar Birnin Gwari, wadda ke yammacin Jihar Kaduna tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, ƙasa ce ta noma da daji, inda Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani suka daɗe suna cuɗanya da juna, kuma Kazage ɗaya ce daga cikin gundumominta 11. A wannan ƙasa ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, sa'an nan aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. To, da yake ƙauyukanta sun yi nisa da hasken lantarkin manyan birane, kuma da yake Allah ya ajiye su wajen daraja 11 arewa da tsakiyar duniya, inda mai lura ke iya ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu a cikin shekara guda, sararin samaniya bai taɓa zama baƙo ga mutanensu ba. Bal ma shi ne kalandarsu ta farko, da shi manomi ke sanin lokacin shuka, da shi mafarauci ke kama hanyar gida, da shi ladani ke kirdadon ketowar alfijir tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa.

Wannan sani kuwa iri biyu ne, ko da yake sun gauraya da daɗewa. Akwai na gargajiya, wanda ya ba mu Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta, wadda ke ɓuya a cikin hasken rana wajen watan Mayu, daidai lokacin da ake zuba ido ga ruwan shuka, ta kuma bayyana gabas da asuba bayan makonni. Akwai kuma na malaman hisabi, wanda ya zo tare da littattafan Larabci, shi ne lissafin manazili 28, waɗanda kowane ɗaya yake da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, in an haɗa su su ba da kwana 365 na shekarar rana. Malamai suka raba su bakwai bakwai bisa fasalin shekara huɗu, watau bazara da damina da kaka da ɗari, har ya zama dattijon da bai taɓa karanta Larabci ba yana iya lissafa maka Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan a matsayin taurarin damina, ya kuma gaya maka halin ruwan kowane ɗaya. Hikimar wannan lissafi a fili take: watannin Hijira suna zagayawa, suna rigan shekarar rana da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ibada tana bin wata, amma gona ba ta da abin bi sai rana da taurari. Har waƙa malamanmu suka yi ta ajami domin sauƙaƙa haddar waɗannan sunaye, kuma a 1967 Baturen nan Mervyn Hiskett ya buga nazari a kan wannan fanni na waƙar Hausa.

Malaman ƙasar nan ba su ɗauki ilmin taurari da wasa ba, amma sun tsaya tsayin daka wajen rarrabe halal da haram a cikinsa, suna bin magabata da suka kira ɗaya ilmin tasyiri, wato sanin tafiyar taurari domin lokaci da alƙibla da hanya, ɗayan kuwa ilmin ta'asiri, wato da'awar cewa tauraro yana da iko a kan arzikin mutum ko tsiyarsa. Shahararren da ya fito daga wannan nahiya a fagen lissafi da sirrin taurari shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya tafi hajji, ya rubuta littattafai a kan hatimai da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi na Masar. A ɗaya gefen kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi yana gargaɗin masu hankali da su nisanci 'yan rufa-ido da masu duba da taurari, alhali shi da kansa masanin sammai ne. Domin sa'ad da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 ya nuna masa taswirar sama da kayan awonsa, ya tarar Bello ya san buruji duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da Clapperton ya komo a 1826, ta hanyar fatake ya bi daga Borgu da ƙasar Nupe zuwa Zariya da Kano, ya yada zango a tsohon Birnin Gwari, kuma a cikin tsarabar da ya kai wa Bello akwai littafin handasa na Uƙlidis da Larabci.

Sai dai duk wannan ilmi, na Katsina da na Alƙahira da na Bagadaza baki ɗaya, an gina shi ne a kan ƙa'ida guda da aka gada daga Baɗlaimus, masanin falaki na zamanin da, cewa taurari kashi biyu ne: sayyarat masu yawo, irin su Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, da kuma sawabit, waɗanda ake ɗauka a kafe suke a falakinsu, suna juyawa gaba ɗaya ba tare da ɗaya ya sauya matsayinsa daga ɗan'uwansa ba. Ba laifin kowa ba ne, domin abin da ido ke gani ke nan daga kaka zuwa jika. Sai a 1718 Edmond Halley na Ingila ya gwada awon zamaninsa da na mutanen da, ya ga cewa Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, da Simakur Ramihi da Dabaran sun ɗan gusa daga inda aka rubuta su. Wannan ya tabbatar da tafiyarsu ta gefe, ta gicciye. Amma saura tambaya mafi wuya: tauraron da ke nufo mu kai tsaye, ko wanda ya ba mu baya yana tafiya, ba ya barin gurbinsa a sama ko da faɗin gashi, to, ta yaya ɗan Adam zai san motsinsa? Amsar tana ɓoye a cikin launin haske, kuma sai da aka yi ƙarnoni ana tara ta.

Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne domin haske ya shigo ido daga abin da ake kallo. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi sharhin wannan littafi a farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya sa shi a hasken rana, ya bayyana yadda ɗigon ruwan sama ke karya haske ya haifar da bakan gizo. Isaac Newton ya nuna a 1672 cewa farin haske ba launi ɗaya ba ne, taron launuka ne, waɗanda gilashi mai kusurwa uku ke shimfiɗa su a jere daga ja zuwa shuɗi da shunayya. Sa'an nan a 1814 wani maƙerin gilashi na Jamus, Joseph Fraunhofer, ya duba wannan shimfiɗa da idon basira, ya ga ashe a tsattsage take da baƙaƙen layuka sirara, har ya ƙidaya fiye da 500 a hasken rana. Wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano sirrinsu a Heidelberg: kowane sinadari, ko haidurojin ne ko ƙarfe ko sodiyam ɗin da ke cikin gishiri, yana da gurabensa na musamman a cikin jerin launuka, inda yake shanye haske, kuma guraben nan ba sa canzawa, ko a ɗakin gwaji ko a jikin rana. Da wannan aka sami mizani tabbatacce, wanda in babu shi duk abin da ya biyo baya da ya zama zato.

Asalin ƙa'idar da ta haɗa haske da motsi kuwa ta fito daga bakin Christian Doppler, malamin lissafi ɗan Ostiriya, a wata lacca da ya gabatar a birnin Prag a watan Mayu na 1842, shekara 5 bayan rasuwar Bello. Haske da sauti duka suna tafiya ne igiya bayan igiya, kuma tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata ita ce zango, irin zangon nan da masu sauraron rediyo suka sani, gajere da matsakaici. A sauti, gajeren zango shi ne siririyar murya, dogo kuwa kakkaura. A haske, gajere shi ne shuɗi, dogo shi ne ja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kaduna zuwa Birnin Gwari babbar mota ta taho tana danna oda ya ji abin da kunnensa: muryar odar tana da kaifi muddin motar tana tahowa, amma da zarar ta gifta sai ta yi kauri, alhali direba bai sauya komai ba. Dalili shi ne motar da ke tahowa tana bin bayan sautinta tana matse igiyoyinsa, wadda ta wuce kuwa tana ja da baya daga gare su tana miƙar da su. A 1845 Buys Ballot na ƙasar Holan ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya tsayar da masana kiɗa a gefen dogo suna saurare, suka shaida cewa lalle muryar ƙahon tana sauyawa kamar yadda Doppler ya faɗa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da wani kuskure, wanda Doppler da kansa ya faɗa cikinsa. Ya zaci bambancin launin taurari, wannan ja wancan shuɗi, daga gudunsu yake. Manomi ya san jajayen taurari biyu a cikin manazili: Dabaran, mai bin bayan Surayya, wato Kaza, da Ƙalbu, wanda ke tsakiyar burujin Kunama. Amma jansu ba na gudu ba ne, na ƙarancin zafi ne. Domin fuskar Dabaran ba ta wuce kimanin digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali ta rana ta kai 5,500, Simaku na manazili (ba Simakur Ramihi ba) mai farin haske da shuɗi-shuɗi kuwa ya haura 20,000. Haƙiƙa Dabaran yana nisantarmu da gudun kilomita 54 a kowane sakan, amma haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, saboda haka miƙewar zangonsa ba ta kai kashi 1 cikin 5,000 ba, abin da babu idon da zai iya rarrabewa. Ƙalbu ma, wanda ya fi shi ja, ba gudunmu yake yi ba, matsowa yake yi a hankali. Wanda ya gyara mas'alar shi ne Hippolyte Fizeau na Faransa a 1848, da ya nuna cewa ba launin tauraro gaba ɗaya za a duba ba, baƙaƙen layukan nan za a duba: in sun gusa daga gurabensu zuwa ɓangaren ja, tauraron yana tafiya, in sun gusa zuwa shuɗi, yana tahowa, kuma gwargwadon gusawar, gwargwadon gudun.

Faɗar ƙa'ida daban, aiki da ita daban. A 1868 William Huggins ya gwada awon Shi'ira daga gidansa a London, yana kwatanta layin haidurojin na tauraron da na fitilar gwaji da ƙwayar idonsa, ya yanke cewa yana nisantarmu da gudun fiye da kilomita 40 a sakan. Daga baya aka tabbatar Shi'ira tahowa yake yi, da gudun da bai kai kilomita 10 ba. Hanyarsa daidai ce, kayan aikinsa ne suka gaza. Sai da Hermann Vogel na Potsdam ya koma ɗaukar hoton layukan a kan faranti, daga 1888, sa'an nan awo ya zama abin dogaro. Shi ne kuma a 1890 ya lura cewa layukan Simaku, wanda malamanmu ke lissafawa cikin taurarin kaka, suna kai da komo tsakanin ja da shuɗi kowane kwana 4, ya fahimci cewa abin da ake gani ɗaya ashe taurari biyu ne masu kewaya juna, sun yi kusa ƙwarai har madubin hangen nesa bai iya raba su ba.

Babban al'amari kuwa ya ɓullo ne daga wani ɗan tabo mai kama da hazo, wanda Abdurrahman as-Sufi, masanin falaki na Farisa, ya siffanta a littafinsa na surorin taurari a 964, a cikin ƙungiyar da Larabawa ke kira Mar'atul Musalsala, Turawa kuwa Andromeda, kusa da manzilin Baɗnul Hutu. Mai ido da kyau yana iya ganinsa a daren kaka marar wata, can sama ta arewa, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama. A 1912, sa'ad da jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba, Vesto Slipher na ɗakin nazarin sama na Lowell a Arizona ta Amurka ya auna hasken wannan tabo, ya tarar yana nufo mu da gudun kimanin kilomita 300 a sakan, gudun da ba a taɓa auna irinsa ba. Ya ci gaba da awon 'yan'uwansa, yana barin faranti a buɗe dare bayan dare domin raunin haskensu, har zuwa 1917 ya tara 25, ya ga 21 daga cikinsu layukansu sun karkata zuwa ja, waɗansu suna gudun da ya haura kilomita 1,000 a sakan.

Amma mene ne su, kuma ina nisansu? Henrietta Leavitt ta Harvard ta riga ta gano a 1912 cewa akwai irin taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa bisa tsari, kuma tsawon lokacin wannan sauyi yana nuna ainihin ƙarfin haskensu, saboda haka ana iya lissafa nisansu. A 1923 Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a kan dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tsinci irin wannan tauraro a cikin tabon Sufi, ya tabbatar cewa majarra ce mai zaman kanta, wato dandazon taurari dubban miliyoyi kamar wadda ranarmu take ciki, kuma awon yau ya sa nisanta shekarar haske miliyan 2.5, wato tazarar da haske ke ci a cikin waɗannan shekaru. A 1927 Georges Lemaître, limamin kirista ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya haɗa awon Slipher da nisan majarrai da nazariyyar Einstein, ya ce samaniya faɗaɗa take yi. Amma ya buga bahasinsa da Faransanci a mujallar da ba ta yaɗu ba. A 1929 Hubble ya fito da awon majarrai 24, ya nuna cewa gwargwadon nisan majarra, gwargwadon gudunta daga gare mu, kuma abokin aikinsa Milton Humason, wanda da can alfadarai yake kora yana kai kaya kan dutsen, ya ƙarfafa hujjar da awon waɗanda suka fi nisa.

Malaman wannan fanni suna jan hankali cewa jan hasken majarrai masu nisa ba gudu ba ne irin na abin da ke keta sarari. Sararin da ke tsakaninmu da su ne yake miƙewa, zangon hasken da ke kan hanya kuma yana miƙewa tare da shi, shi ya sa mazaunin kowace majarra zai ga sauran suna guje masa, ba tare da wani ya zama tsakiya ba. Majarrar Sufi ta saɓa ne domin maƙwabciyarmu ce, janyewar da ke tsakaninta da tamu ta rinjayi faɗaɗar. In aka bi lissafin baya, sai a iske lokacin da komai yake a dunƙule, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Madubin James Webb, wanda aka harba sama ranar 25 ga Disamba 2021, an ƙera shi ne domin ganin hasken da ya miƙe har ya wuce ja ya fita daga ikon ido, kuma a 2024 ya auna majarrar da zangon haskenta ya ninka kusan sau 15, hasken da ya baro ta tun samaniya ba ta cika shekara miliyan 300 ba. Ta ɗaya gefen kuma awon ya yi laushi har a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na Siwizalan suka ga wani ƙaramin tauraro dab da manzilin Far'ul Muƙaddam yana rangaji gaba da baya da gudun da bai kai mita 60 a sakan ba, suka gane wata duniya ce ke kewaya shi kowane kwana 4 da 'yan awoyi, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2019.

Ko wannan duka ya rushe lissafin manazili? Bai rushe shi ba, domin nisan taurari ya shanye gudunsu: Dabaran, da ke shekarar haske 65 daga nan, sai ya yi tafiyar fiye da shekara 300,000 kafin nisansa ya ninka. Abin da ya raunana al'adar a ƙasar Birnin Gwari da sauran ƙasar Hausa daban ne: kalandar bango da agogo da hasashen yanayi na rediyo sun ɗauke mata aiki, damina ta rage cika alkawari, kuma fitinar 'yan bindiga ta shekarun nan, wadda ta mai da daji maɓoya, ta tashi ƙauyuka ta hana hirar dare a fili, inda a da yaro ke koyon sunayen taurari daga bakin kakansa. In dattawan da suka haddace manazili suka ƙare ba a rubuta abin da suka sani ba, za a yi hasarar ƙofar da ta fi kowace sauƙi ga ɗalibin Hausa ya shiga ilmin falaki na zamani, tun da Simaku da Dabaran da Shi'ira da ake aunawa a manyan ɗakunan nazari su ne dai waɗanda kakansa ya sani da suna.

Kuma ɗalibin da ya shiga ba zai tarar an gama aiki ba. Hubble ya ƙiyasta cewa gudun majarrai yana ƙaruwa da kilomita 500 a sakan a kowace tazarar shekarar haske miliyan 3.26, aka zo aka gane ya ƙanƙanta nisansu ƙwarai, adadin ya sauko zuwa wajen 70. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka gano cewa faɗaɗar ma ƙara sauri take yi, bisa wani sababi da har yau ba a san haƙiƙaninsa ba. Yanzu kuwa masu awo da taurarin Leavitt suna samun kimanin 73, masu awo da tsohon hasken farkon halitta suna samun kimanin 67, kowane ɓangare ya sake bin lissafinsa sau da yawa bai ga inda ya kuskure ba. Ko dai akwai aibi ɓoyayye a ɗaya daga cikin ma'aunan biyu, ko kuwa akwai wani abu a halittar sammai da ƙa'idodin yanzu ba su ƙunsa ba, kuma ba za a raba wannan gardama da yawan magana ba sai da awo wanda ya fi na yau kyau. Allah shi ne mafi sani.